KIƊANMU A KASUWAR DUNIYA: A RUBUTA SUNA KAFIN A ƊORA KAYA A MOTA



Yau ba sanarwar taro ko ta ɗaurin aure na zo da ita ba, kamar yadda kuka saba gani daga gare ni. Magana ce a kan kiɗa. Na san akwai iyayenmu da malamanmu a nan da ba sa ra'ayin harkar, ina neman afuwarsu tun daga farko. Abin da ya sa na ga ya wajaba in rubuta shi ne, 'ya'yanmu da ƙannenmu da dama suna cikin wannan sana'a, da ita suke biyan kuɗin haya da na makaranta, kuma ana cin guminsu muna kallo. Haƙƙi kuwa haƙƙi ne, ko na mai sayar da goro ne ko na mai kaɗa kalangu.

Ga wani abu da nake so kowa ya gwada. Ku shiga YouTube ku nemi bidiyon tsaunin Mambilla, ko gandun dajin Gashaka Gumti, ko bikin kamun kifi na Nwonyo da ake yi a Ibi. Ku bar kallon hoton, ku saurari kiɗan da aka shimfiɗa a ƙarƙashinsa. Mafi yawan lokuta fiyano ne da gita da wasu ganguna da ba mu san asalinsu ba. Ƙasar tamu ce, shanun namu ne, mutanen namu ne, amma kiɗan baƙo ne. Ba ƙiyayya ce ta sa masu bidiyon suka yi haka ba. Sun je inda ake hayar kiɗa ne, suka nema, ba su sami namu ba, suka ɗauki wanda suka samu.

Wurin da ake hayar kiɗan shi nake kira rumbun kiɗa. Kamfani ne da ke tara kaɗe-kaɗe dubbai waɗanda aka yi musamman don a sa su a ƙarƙashin fim, talla, labaran talbijin ko bidiyon intanet. Mai shirya fim zai shiga, ya zaɓa, ya biya, a ba shi izini a rubuce, ya yi aikinsa ba tare da tsoron wani zai kai shi kotu ba. Sana'ar tsohuwa ce. Kamfanin De Wolfe na Landan ya fara a 1909, tun zamanin da fim ba ya magana, yana samar wa gidajen silima kiɗan da za a riƙa bugawa yayin da ake kallo, sannan a 1927 ya fara naɗar kiɗan a faifai. A zamaninmu akwai irin su Epidemic Sound da aka kafa a Sweden a 2009, da Pond5 na Amurka, da AudioJungle na Ostireliya. Wasu daga cikinsu suna karɓar aiki daga kowace ƙasa muddin ya cika sharuɗɗansu, wasu kuma sai sun tantance mutum ko sun gayyace shi.

Kuɗi yana shigo wa mai kiɗa ta hanya biyu. Ta farko ita ce kuɗin izini da mai fim ya biya, rumbun ya ɗauki kasonsa ya ba ka naka. Ta biyu ita ce ladan watsawa: idan gidan talbijin ya nuna shirin da kiɗanka ke ciki, akwai takarda da masu shirin ke cikawa, mai ɗauke da sunan kowane kiɗa, da wanda ya ƙirƙira shi, da tsawon daƙiƙun da aka yi amfani da shi. Da wannan takarda ƙungiyoyin karɓar haƙƙin mawaƙa ke bin kuɗin su kai wa mai shi. Ku lura, dukkan hanyoyin biyu a kan suna suke tafiya. Inda babu suna, kuɗin ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Yadda aka yi na shiga wannan harka, ni da ban taɓa riƙe ko gwangwani da sunan kiɗa ba, shi ne ta hanyar wata ƙara da aka kawo ƙungiya. Wata 'yar uwa ce, uwar marayu, ta zo da ɗanta. Yaron yana da ɗan situdiyo a Sabon Gari, ɗaki ɗaya ne da kwamfuta da fiyano da ƙaramin janareta. Ya haɗa wani kiɗa zalla, babu waƙa a ciki, ya kira wani dattijo mai kukuma ya goga masa a kai. Da ya gama, murna ta sa ya tura wa wani abokinsa ta WhatsApp don ya ji. Sunan da ke kan abin da ya tura shi ne "sabon kida 2". Bayan 'yan watanni yana cikin Keke Napep sai ya ji kiɗansa a rediyo, an ɗora tallar wani shago a kai. Kafin a daɗe kuma ya ji shi a motar 'yan siyasa.

Mun gayyato mai shagon. Ya ce shi wani ya ba kwangilar tallar. Wanda ya yi tallar ya ce a wurin masu tura waƙoƙi a kasuwa ya samo. Mai tura waƙoƙin ya ce a wani zauren WhatsApp ya gani. Kowa ya rantse bai yi sata ba, kuma idan ka dubi maganar da idon adalci, babu wanda ya ga suna ya goge, domin tun asali babu sunan. Shugaban ƙungiya ya tambayi yaron ko yana da wata shaida a rubuce. Ba shi da ita, sai aikin da ke cikin kwamfutarsa. A ƙarshe aka yi sulhu, aka ba shi abin da bai wuce na goro ba. Dattijon mai kukuma kuwa ko labarin bai ji ba sai daga baya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Bayan wannan ne yaron ya zo ya same ni a gida ya ce, "Kawu, na ji akwai inda ake kai kiɗa a intanet a riƙa biyan mutum. Na buɗe fom ɗin na ga ya fi ƙarfina. Ku da kuka saba da takardu ku taimaka min." Muka yi yamma uku muna zaune a kan wannan fom. A rana ta farko ya gaji ya ce, "Kawu, ai kiɗan shi ne aikin, wannan cike-ciken duk ɓata lokaci ne."

Na ce masa ya tuna yadda ake aika kaya a tasha. Idan za ka aika buhun doya daga Jalingo zuwa Kano, ko buhun masara zuwa Yola, me kake fara yi kafin 'yan kamasho su ɗora shi? Za ka nemi alƙalami mai kauri ka rubuta sunan mai karɓa da lambar wayarsa da sunan gari a jikin buhun. Komai kyan doyar, idan buhun ya isa babu rubutu, to ya zama na wanda ya fara cewa nasa ne. Rumbun kiɗa tasha ce da ta fi kowace tasha cunkoso, buhunan da ke cikinta sun fi a ƙirga. Aikina na sakatare shekara da shekaru ya koya min cewa abin da ba a rubuta ba, ranar gardama kamar ba a yi shi ba ne.

Rubutun da ake yi wa kiɗa iri biyu ne, kuma kowanne da amfaninsa. Akwai rubutun mallaka, wanda ke faɗin na wane ne. Akwai kuma kalmomin nema, waɗanda ke sa mai buƙata ya gano shi.

Bari in fara da kalmomin nema, domin su suka fi ba mu wahala. Mai shirya fim a Landan ko Legas ba zai zauna ya saurari kiɗa dubu ba. Zai rubuta kalma biyu ko uku ne a wurin bincike, kamar yanayin da yake so, da kayan kiɗan, da yankin duniya. Abin da ya fito a shafin farko shi zai saurara. Saboda haka fom ɗin ke tambayar nau'in kiɗan, da yanayin da yake sa wa zuciya (murna ce, ko kewa, ko fargaba, ko natsuwa), da saurinsa, wato bugu nawa yake yi a minti ɗaya, da kayan da aka kaɗa, da irin hoton da ya dace da shi.

Da muka zo wurin kayan kiɗa muka tsaya cak. Jerin da suka bayar cike yake da kayan Turawa, kowanne da sunansa da na ƙanensa. Namu kuwa an tattara su an zuba a kwando ɗaya mai suna gangunan Afirka, ko kiɗan gargajiya na duniya. Babu kukuma, babu goge, babu gurmi, babu kotso, babu algaita. Yaron ya ce mu danna gangunan Afirka kawai mu wuce. Na ce a'a. Za mu danna wanda ya fi kusa saboda dole, amma akwai fili a ƙasa da aka bari mutum ya rubuta kalmominsa da bayaninsa, a nan za mu sa sunan gaskiya. Muka rubuta kukuma, muka rubuta Hausa, Nijeriya, Sahel, sannan muka yi bayani da Turanci a jimla ɗaya cewa ƙaramin goge ne mai tsirkiya ɗaya. Haka idan kalangu ne, a rubuta kalangu, sannan a ƙara da sunan da Turawa suka san shi da shi na ganga mai magana, domin ta wannan sunan za su nema. Idan aka tsaya a nasu sunan kaɗai, kalangunmu zai ɓace a cikin gangunan Yarabawa da na Senegal, mai saye ba zai taɓa sanin daga ina ya fito ba.

Wani zai ce mene ne abin damuwa a suna? Ku duba manyan makaɗanmu. Ba a ambaton Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ba tare da an tuna kalangu ba. Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, kuntigi ne shaidarsa. Musa Ɗanƙwairo da Ibrahim Narambaɗa kotso, Haruna Uji gurmi, Barmani Choge ƙwarya. Kowane abin kiɗa da tarihinsa da mutanensa. Idan muka yarda aka kira su duka da suna ɗaya a kasuwar duniya, mu da hannunmu muka share wannan tarihi.

Abin da ya ba ni sha'awa kuma shi ne, wannan tsari na rarraba kiɗa bisa amfaninsa ba baƙo ba ne a wurinmu. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa kalangu na mahauta ne da 'yan dambe, dundufa ta maƙera ce, gangar noma ta manoma ce ranar gayya, shantu na mata ne a cikin gida, kakaki da tambari na sarauta ne. Da jin sauti daga nesa, dattijo zai faɗa maka abin da ke faruwa a unguwa. Abin da fom ɗin ke nema ke nan: wannan kiɗa na wane irin lokaci ne? Da na faɗa wa yaron haka sai aikin ya yi masa sauƙi. Ya rufe ido ya saurari kiɗansa ya ce, "Wannan na tafiya ne da yamma, shanu suna komawa ruga." Muka rubuta tafiya, yamma, karkara, makiyaya, natsuwa.

Gargaɗi ɗaya a nan: kada a yi ƙarya a kalmomin nema. Wasu sukan cika wurin da sunayen shahararrun mawaƙa ko nau'in kiɗan da ake yayi, don a yi ta cin karo da nasu. Masu rumbu suna duba wannan, kuma yana sa a mayar wa mutum da aikinsa. Ko da ya wuce, mai neman kiɗan rawa da ya buɗe ya ji kiɗan kewa ba zai saya ba, kuma ba zai sake buɗe naka ba. Kalma goma na gaskiya sun fi hamsin na cika fili.

Sai rubutun mallaka. Nan ake tambayar cikakken sunan wanda ya ƙirƙiri kiɗan, da kason kowa idan an yi tarayya, da wanda ya mallaki naɗin. A rubuta suna iri ɗaya a ko'ina, daidai da yadda yake a katin ɗan ƙasa da asusun banki. Mu mun saba yau Muhammad, gobe Mohammed, jibi Mamman, ga kuma laƙabin situdiyo. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne. Akwai kuma lambobi biyu da ya kamata a sani. Lambar ISRC, mai haruffa da alƙaluma 12, ita ce shaidar kowane naɗi, kuma sau da yawa rumbun ko kamfanin rarraba waƙa ne ke bayar da ita. Lambar IPI kuwa ta mutum ce, ana samunta idan ka shiga ƙungiyar karɓar haƙƙin mawaƙa, da ita ake gane ka a duk ƙasar da aka watsa aikinka. A Nijeriya akwai ƙungiyar MCSN da aka kafa a 1984. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa ce ke ba irin waɗannan ƙungiyoyi lasisi, saboda haka a tabbatar daga wurinta kafin a sa hannu da kowa.

Da muka zo gurbin kaso, na tambayi yaron, "Baba mai kukuma fa?" Ya ce ai ya sallame shi tun ranar da aka yi naɗin. Na ce to wa ya ƙirƙiri muryar da kukumar ke bi, kai ka rera masa ya bi, ko shi ya fito da ita daga kansa? Ya yi shiru, sannan ya ce shi ya fito da ita. Na ce to ba ɗan haya ba ne, abokin tarayya ne. Muka je har gidansa. Yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, za mu kai kiɗan nan wani wuri, muna so a rubuta sunanka a ciki, idan Allah ya kawo wani abu kana da rabo." Dattijon ya daɗe yana kallonmu, sannan ya ce, "Ɗana, tun kafin a haife ka nake goga wannan abu, ba wanda ya taɓa tambayata yadda ake rubuta sunana." Muka rubuta takarda mai shafi ɗaya da Hausa, aka karanta masa, ya dangwala, mutum biyu suka shaida. Ina roƙon duk matashin da ke kiran makaɗan gargajiya situdiyo ya riƙa yin haka. Kada mu yi kukan ana cin guminmu, mu kuma mu juya mu ci na iyayenmu.

Don kada a ce maganar suna ƙaramar magana ce, ga misali daga maƙwabtanmu. Mdou Moctar, Buzu ne ɗan Jamhuriyar Nijar, mai kaɗa gita. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, da irin na'urar gyara murya da ake amfani da ita a waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya, daga memori zuwa memori, har ƙasar Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane a garin Kidal, ya fitar da su a faifai a 2011 a ƙarƙashin kamfaninsa Sahel Sounds. Babban aikin da ya sha shi ne neman masu waƙoƙin don ya biya su, domin yawancinsu babu cikakken suna a jikinsu. Da ya gano Mdou Moctar, ƙofa ta buɗe. Yau yana zagaya Turai da Amurka yana wasa, kuma a 2021 kamfanin Matador na Amurka ya fitar da kundinsa Afrique Victime. Wannan ya dace da wanda ya ɗauki wahalar nemansa. Mutum nawa ne waƙarsu ta yi irin wannan tafiya ba a neme su ba?

Misali na biyu a kan sa hannu ne. A 1939 wani mawaƙin Zulu mai suna Solomon Linda ya naɗi waƙarsa Mbube a Johannesburg, ya sayar da haƙƙinta ga kamfanin faifai a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Waƙar ta tsallaka Amurka, aka sauya mata kama, ta shahara a 1961, daga baya ta shiga fim ɗin The Lion King na 1994. Linda ya rasu a 1962 cikin talauci. Sai a 2006, bayan shari'a, aka yi sulhu da iyalinsa. Takarda ɗaya da aka sa wa hannu cikin gaggawa ta ci gomman shekaru.

Saboda haka a karanta yarjejeniya da kyau. Wani rumbun zai ce kiɗan ya zauna a wurinsa shi kaɗai, ba ka da ikon kai shi ko'ina. Wani zai bar ka ka kai wurare da yawa. Wani kuma saye yake yi dungurungum, ya biya sau ɗaya, shi ke nan. Kowanne da ribarsa da asararsa, amma a san wanne aka shiga, na shekara nawa ne, kuma ta yaya ake fita. Kuskuren da ke jawo rigima shi ne ba wa wani rumbu kiɗa a matsayin nasa shi kaɗai, sannan a kai wa wani. Haka kuma rumbuna da yawa ba sa yarda ka yi wa kiɗan rajista da kanka a tsarin Content ID na YouTube, domin tsarin zai riƙa kama bidiyon mutanen da suka biya kuɗin izini. Ga masu hulɗa da kamfanonin Amurka, za a nemi a cika takardar haraji mai suna W-8BEN, kuma da yake babu yarjejeniyar haraji tsakanin Nijeriya da Amurka, ana iya cire kashi 30 cikin 100 na kuɗin da ya fito daga can. Gara a sani tun yanzu da a yi zargin an yi cuta daga baya.

Dokar ƙasarmu tana bayanmu idan mun san ta. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi cewa kiɗan da ka ƙirƙira naka ne tsawon rayuwarka da shekara 70 bayan rasuwarka, naɗin kuma yana da kariyar shekara 50. Ke nan abu ne da magada ke ci, kamar gona. Haƙƙin yana tabbata da zarar an naɗi aikin, ko ba a yi rajista ba, amma hukumar tana da tsarin rajista ta intanet wanda ke zama hujja ranar gardama. Dokar ta kuma ce sayar da haƙƙi ko ba wa wani shi kaɗai ba ya tabbata sai a rubuce.

Akwai abin da bai kamata a kai rumbu ba ko da za a karɓa. Da zarar kiɗa ya shiga, yawanci ba kai za ka zaɓi wanda zai haya ba. Yana iya faɗawa ƙarƙashin tallar giya ko caca, ko wani fim da ba za ka so a ji sunanka a ciki ba. Wanda wannan zai dame shi ya tambaya tun farko ko akwai damar gindaya sharaɗi. Taken sarakuna kuwa, da busar kakaki da algaitar fada irin wadda muke ji a ƙofar Mai Martaba Sarkin Muri ranar sallah, da kaɗe-kaɗen bukukuwan 'yan uwanmu Mumuye da Jukun da Fulani, waɗannan ba mallakar mutum ɗaya ba ne. Dokar ma ta ware kayan al'adun gargajiya ta ba su kariya ta daban. Ka ɗauki abin kiɗan ka ƙirƙiri naka da shi, amma kada ka naɗo taken wani ka rubuta sunanka a kai.

To ina aka kwana da yaronmu? Kiɗa biyar ya aika. An mayar da uku. Ɗaya saboda ana jin gurnanin janareta a bayansa. Ɗaya saboda akwai murya a tsakiya tana kiran sunan wani alhaji, alhali su kiɗa zalla suke so wanda kowa zai iya ɗora maganarsa a kai. Na ukun kuwa muryarsa ta yi kama da ta wata waƙar fim ɗin Indiya, abin da kunnenmu ya saba da shi har ba ma jin aro ne, amma a wurinsu babban laifi ne, domin su za a kai ƙara. Biyu sun shiga, ciki har da mai kukumar. An nemi ya kawo su a tsarin WAV, ba MP3 da muka saba turawa ba, tare da gajerun yanka na daƙiƙa 60 da 30 da 15 saboda masu talla. Har zuwa yau da nake rubutun nan ko sisi bai shigo ba, kuma na faɗa masa kada ya ci bashi da sunan wannan kuɗi. Ladan watsawa yakan ɗauki watanni da yawa kafin ya iso, kuma masu cin moriyar sana'ar su ne waɗanda suka tara aiki mai yawa cikin shekaru. Sannu ba ta hana zuwa. Abin da ya samu tun yanzu shi ne, duk kiɗan da ya fita daga ɗakinsa yana ɗauke da sunansa da shekara, ko da abokinsa zai tura wa.

Ga shawarata ga ƙungiya, kuma zan gabatar da ita a zama mai zuwa idan shugabanni sun amince. Na farko, mu buɗe littafin rajista a ofishin sakatare, duk mai kiɗa ko waƙa ko rubutu ya zo a shigar da sunan aikinsa da ranar da ya gama da waɗanda suka yi tarayya a ciki, kyauta. Ba zai maye gurbin rajistar hukuma ba, amma shaida ce. Na biyu, 'yan uwanmu lauyoyi da malaman Turanci da ke wannan zaure, musamman na Jami'ar Jihar Taraba, su ba da ko awa ɗaya a wata don karanta wa matasa yarjejeniya kafin su sa hannu. Na uku, mu zauna da dattawan makaɗa da suka rage a garin nan, mu rubuta sunayen kayan kiɗanmu da bayanin kowanne da Hausa da Turanci, kowa ya riƙa amfani da rubutu iri ɗaya.

Iyaye kuma, idan ɗanku yana wannan sana'a, ku tambaye shi ko sunansa yana jikin aikinsa, ko ya taɓa sa hannu a wata takarda da bai fahimta ba. Matasa, wanda ke da tambaya ya ajiye ta a ƙasa ko ya same ni bayan la'asar a ofis, abin da na sani zan faɗa, wanda ya fi ƙarfina mu nemi masana tare.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya kare mu daga cin haƙƙin wani, ya kare haƙƙinmu daga hannun wasu. Allah ya zaunar da jiharmu ta Taraba da ƙasa baki ɗaya lafiya, amin.

Naku a kullum,
Sakataren Ƙungiya, Jalingo.